Yadda Rabe Mai Banda Ya Kai Amarya Gashuwa

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu banda ta kasuwar Nguru ya san Rabe, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Busasshen kifi yake sayarwa, amma in ka ji shi yana zuba sai ka rantse shi ya shimfiɗo layin dogo daga Kano. Babu abin da bai iya ba. In injin niƙa ya tsaya ya san ciwonsa, in jirgin sama ya gifta ya san giyar da direban ya sa. Mutum ɗaya ce ta gagare shi a duniya, wato surukarsa Hajiya Yagana.

Tun da ya auri 'yarta Salma, tsohuwar nan ba ta taɓa yabonsa ba ko da bisa kuskure. Magana baki da baki dama babu ita a tsakaninsu, wannan kunyar surukai ce, kuma Hajiya ta riƙe ta da hannu biyu. In ya je gaisuwa a zaure yake durƙusawa, ita tana can ƙuryar ɗaki, Salma ce ke kai gaisuwar ta dawo da amsa. Amma ai yabo ana aiko shi. Ga Ɗayyabu nan, mijin yayar Salma, mai wata tsohuwar bas da ke jigila tsakanin Nguru da Gashuwa, kullum sai an ji Hajiya ta ce, "Yaron nan Allah ya yi masa albarka." Shi kuwa Rabe ko kwali guda na banda ya aika, abin da ke dawo masa shi ne, "An gani." Wannan "an gani" ta daɗe tana ci masa rai, har ramewa ya yi a kanta.

Da aka sa ranar bikin Raudatu, autar Hajiya, aka ce Gashuwa za a kai ta, sai Rabe ya ce dama ta samu. Wani kamfanin gyaran hanya ya tattara ya tafi, ya bar ɗakin da injiniyoyinsa ke kwana a ciki, wani farin ɗaki mai taya biyu, da tagogi da labule da gado har da wurin wanke hannu. Rabe ya saye shi, ya sa aka jawo masa har ƙofar gida. Dama yana da tsohuwar jif, irin wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja, fowil in ji direbobi.

Unguwa ta taru kallo. Bobboi mai walda, maƙwabcinsa, ya zagaya ɗakin ya ƙwanƙwasa jikinsa.

"Malam Rabe, kiwon kaji za ka fara?"

"Kaji? Kai ƙauyanci ne ya yi maka yawa. Wannan ɗakin tafi-da-gidanka ne. A ƙasashen da aka ci gaba, mutum gidansa yake ja a bayansa duk inda za shi."

"Ai kunkuru ma haka yake yi, ban ji an ce ya ci gaba ba."

"Ka yi ta surutu. A cikin nan zan kai amarya Gashuwa, tana zaune a kan gado, labule a sake. Ranar za ku ji abin da Hajiya za ta faɗa a kaina a gaban mutane."

Bobboi ya liƙa masa ƙugiya a bayan jif, ya yanko wani kakkauran ƙarfe da ake zurawa ta rami ya haɗe ɗaki da mota. Rabe ya fita gwaji. Tafiya gaba lafiya lau, har yana ɗaga wa mutane hannu. Komawa da baya ce ta tona masa asiri. Ya murɗa sitiyari dama, ɗaki ya yi hagu. Ya murɗa hagu, ɗaki ya lanƙwaso har ya zo yana leƙensa ta taga. Ya taka totur don ya nuna masa wane ne babba, ɗaki ya kwashe teburin mai shayi da kofuna da burodi, ita kuma jif ta goga jikin falwaya, madubin hagu ya faɗi ƙasa.

Mai shayi ya taso yana ihu, "Malam Rabe, ba ka gani ne?"

"Kai ne ba ka gani. Wa ya ce ka kafa tebur a hanyar babbar mota?"

Bobboi ya tsinto madubin ya miƙa masa. Rabe ya wurga shi cikin mota ya ce, "Madubi na 'yan koyo ne. Ni da kunne nake tuƙi."

A taron dangi Ɗayyabu ya ce ga bas ɗinsa nan kyauta, a ɗauki amarya da kowa da kowa. Rabe ya tashi tsaye ya ce ba za a sa autar Hajiya a motar da ta saba ɗaukar awaki ba. Aka yi ta ja, Salma tana harararsa, yana yi kamar bai gani ba. Daga ƙarshe aka raba: Ɗayyabu ya kwashi sauran 'yan biki, Rabe ya ɗauki amarya da yayyenta da gwaggonninta da kayan gara. Da aka kai wa Hajiya labari ta ce, "An ji." Rabe ya ce wannan ma ci gaba ne, a da gani kawai ake yi.

Ranar kai amarya ya fito cikin babbar riga mai sitati, ya ɗaura wa ɗaki kyallaye masu ƙyalƙyali. Gidan Hajiya a cikin wani matsattsen lungu yake, wanda ko Keke Napep sai ta yi dabara take shiga. Jama'a suka ce ya tsaya a bakin titi a fito da amarya.

"Amaryar da zan ɗauka ce za ta taka ƙasa? Ku matsa."

Ya kutsa. Katangar maƙwabta ta karɓi madubin dama, ɗaki ya bi bango yana ƙara, mata suna toshe kunne. Ya isa ƙofar gida kam, ya fito yana gyara hula. Sai da aka zo fita aka tuna lungun ba ya ɓullewa.

Ya gwada baya, ɗaki ya ƙi. Ya sake gwadawa, ya rushe murhun masu dafa abincin biki. Dole aka zare ƙarfen, aka raba ɗaki da mota, maza suka tattare riguna suka tura shi da hannu har bakin titi, Rabe yana bin su yana ba da umarnin da ba wanda yake saurara. Da aka fito da jif aka zo haɗawa, ƙarfe ya ce ku neme ni. Wani ya ce ya ga an ajiye shi a bakin kwata, wani ya ce ai ya ji faɗawar wani abu. Aka tona kwata da sanda, ba a samu komai ba sai tsohon takalmi. Aka aika a kira Bobboi, aka ce ya tafi Dapchi cin kasuwa. Ɗayyabu ya gaji da jira, ya kwashi nasa mutanen ya kama hanya, ga la'asar ta sanyaya.

Rabe ya waiwaya, idonsa ya faɗa kan muciyar da aka jingine a jikin babbar tukunya. Ya sure ta.

Mai tuwo ta biyo shi, "Kai bawan Allah, muciyata!"

"Baba, tun yaushe kike tuƙa tuwon biki da ita?"

"Tun kana yawo ba wando."

"Ta taɓa karyewa?"

"Ba ta taɓa ba."

"To abin da tuwon jama'ar Nguru bai karya ba, wannan ɗan ɗakin ne zai karya?"

Ya feƙe ta da wuƙa, ya zura a ramin, ya doka da dutse, ya naɗe wajen da igiyar da yake ɗaure kwalayen banda. Ya hau kai ya yi tsalle don kowa ya shaida.

Aka shiga lodi. Buhunan shinkafa, jarkokin man gyaɗa, kwallayen alkaki da nakiya da dubulan, sannan gwaggonni, sannan Salma da yayarta riƙe da amarya, an lulluɓe ta da lafaya tana sheshsheka. Kayan da suka rage aka jibga su a kujerar gaba ta jif har saman gilashi. Sai ga Hajiya Yagana ta fito. Ta tsaya ta dubi ɗakin nan sama da ƙasa, ta juya wajen Salma.

"Ki ce wa mai motar, ni ba banda ba ce da za a cusa ni a kwali."

Ta buɗe ƙofar baya ta jif ta zauna. Salma dai ba za ta zauna mota ɗaya da mijinta a gaban uwarta ba, ta koma wajen amarya. Rabe ya ji kamar an naɗa shi sarauta. Yau Hajiya da kanta za ta ga tuƙinsa, daga Nguru har Gashuwa, babu mai ba ta labari. Ya shiga ya zauna, ya ɗaga kai, sai kawai ya yi ido biyu da ita a madubin ciki. Tun da yake bai taɓa ganin ƙwayar idon matar nan ba. Ya kai hannu da sauri ya murɗe madubin ya kalli rufin mota, ya yi bisimilla ya tayar.

Da suka hau kwalta ɗaki ya fara rawa, ya yi nan ya yi can, saboda duk nauyin an tara shi a baya. Mata a ciki suna ta salati, Rabe yana jiyo hayaniyar sama-sama yana cewa a ransa waƙar amarya suke yi. Can gaba ya hango bas ɗin Ɗayyabu tana tafe tana tari. Ya so ya leƙo ya yi masa ihu, ya tuna wadda ke bayansa, sai ya danne hon har ya wuce shi, ya ƙara wuta.

A fitar Jajimaji akwai wani tudun rage gudu da mutanen gari suka yi da kansu, suka yi shi da zuciya ɗaya. Duk direban hanyar ya san shi. Rabe ma ya san shi, amma ya ce fowil ba ta san tudu ba. Jif ta yi sama ta dira, ɗaki ya yi sama ya dira, muciya ta ce ƙas. Igiya ta riƙe na ɗan lokaci, sannan ta sulale. Ɗaki ya ɗan bi motar kamar yana shawara, daga baya ya gangara gefe a hankali, ya shiga wata gonar gero da aka girbe, ya kafa hanci a yashi ya tsaya.

Rabe ya ji mota ta yi wasai, ta daina nishi, ta miƙe. Ya yi murmushi, ya shafa sitiyari ya ce da shi, yadda na baya za su ji, "Yanzu fowil ta kama. Haka take, sai ta yi zafi."

Hajiya Yagana kuwa ta ji ƙarar da ke bayanta ta ɗauke. Ta waiwaya, ta ga titi fayau, ga farin ɗaki can cikin gona yana ƙanƙancewa. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Rabe ya ce a ransa tsohuwa ba ta saba da gudun babbar mota ba. Ta yi gyaran murya, ta yi tari, ta buga carbi a jikin ƙofa. Rabe ya ƙara sunkuyar da kai don ladabi. Ta dubi kwallayen da ke kujerar gaba, ta dubi taga, babu mahalukin da za ta aika.

Wayar Rabe ta ɗauki ƙara. Tana kan dashbod, fuskarta na kallon baya, ga suna ya fito ɓaro-ɓaro da hoton zuciya: Sanyin Idona. Ya amsa kiran matarsa a gaban uwar da ta haife ta? Ya kife wayar. Ta sake ƙara, ya tura ta ƙarƙashin kwalla. Ta sake, ya lalubo ta ya kashe gaba ɗaya, yana jin haushin Salma da rashin ta-ido.

Sai wayar Hajiya ta yi ƙara. Tana cewa "Salma," Rabe ya ga bai kamata ya saurari maganar uwa da 'ya ba, ya murɗa rediyo har ƙarshe, aka cika motar da tallan takin zamani.

Hajiya ta toshe kunne ɗaya ta ce, "Na gani, ai a idona aka yi. Kuna lafiya? Raudatu fa? Ba wanda ya ji ciwo? To alhamdulillahi."

Salma tana ihu daga can, "Hajiya, ki ce masa ya tsaya!"

"Ni? Ke dai ki faɗa masa, ba mijinki ba ne?"

"Ya kashe waya! Ki miƙa masa taki!"

"In miƙa masa abu hannu da hannu? Ashe faɗuwar ta taɓa miki kai. Ku zauna a inuwa, Ɗayyabu yana tafe."

Ta kashe wayarta, ta gyara mayafi, ta ci gaba da jan carbi. Tun da dai 'ya'yanta lafiya, ba za ta zubar da mutuncin da ta tara shekara da shekaru a kan titi ba.

Masu babura suna ta nuna masa bayan motarsa, inda igiya ke jan ƙasa tana tsalle. Rabe yana ɗaga musu hannu irin na 'yan siyasa. Wani mai Keke Napep a shigar Gashuwa ya bi shi yana kiran "Alhaji, igiya, igiya!" Rabe ya ɗaga gilashi, ya ce mutanen garin nan ba su iya ganin abin mamaki su yi shiru ba.

Ƙofar gidan ango ta cika maƙil. An kafa rumfa, masu ganga da algaita suna ta yi, matasa sun ɗaga wayoyi don an riga an baza labarin ɗakin da za a kawo amarya a ciki. Gwaggo Adawiyya, yayar uban ango, tana tsaye da kaskon turaren wuta. Rabe ya shigo da hon, ya taka birki, aka rangaɗa guɗa. Ya fito ya baza babbar riga, ya fuskanci jama'a, ya ɗaga hannu aka tsayar da kiɗa.

Gwaggo Adawiyya ta ce, "Wushe, sannu da hanya. Ina 'yar tamu?"

"Jama'ar Gashuwa, yau za ku ga abin da ba ku taɓa gani ba. Amaryarku tana ciki a kan gado, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. A buɗe mata ƙofa a hankali, hannun ƙofar na Turai ne." Ya nuna bayansa da babban yatsa, bai ko waiwaya ba.

Jama'a suka leƙa.

Gwaggo Adawiyya ta ce, "Ɗan nan, cikin me?"

Rabe ya juya. Ga jif, ga ƙugiya, ga guntun muciya a maƙale, ga igiya ta yi baƙi da jan kwalta. Ya zagaya motar. Ya sake zagayawa ta ɗaya gefen. Sannan, a gaban surukan Raudatu da masu ganga da wayoyin da ke ɗauka, ya durƙusa da babbar rigarsa ya leƙa ƙarƙashin mota.

Ya miƙe ya ce, "An sace! Wallahi da shi na shigo garin nan!"

Wani dattijo ya ce, "Malam, a Gashuwa ba a satar ɗaki da mutane a ciki."

Ango ya fito daga cikin abokansa fuska ta canja, mata suka fara salati, wata ta ɗora hannu a ka za ta kurma ihu. Sai ƙofar baya ta buɗe, Hajiya Yagana ta sauko a nutse, ta gaisa da Gwaggo Adawiyya, ta tambayi gida da yara da gajiyar biki, sai da ta gama tsaf sannan ta ce, "Ku kwantar da hankalinku. Suna can gonar wani bawan Allah a fitar Jajimaji, kowa lafiya. Tun a can ya ajiye su."

Gwaggo Adawiyya ta ce, "Hajiya, kina gani? Ba ki faɗa masa ba?"

"Surukina ne fa. Babu wanda zan aika."

Gwaggo Adawiyya ta juya kan Rabe. "Kai kuma ba ka duba madubi?"

Ya sunkuyar da kai ya ce ƙasa-ƙasa, "Hajiya ce a cikinsa."

Wanda ya fara fashewa da dariya mai algaita ne, har algaitar ta yi wani irin kuka a bakinsa. Daga nan wuri ya ɓarke. Maza suna riƙe ciki, mata suna faɗawa jikin juna, ango da kansa ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Rabe yana tsaye a tsakiya, sitatin rigarsa ya jiƙe sharkaf.

Ana cikin haka, gab da magariba, sai ga bas ɗin Ɗayyabu ta shigo tana tari, buhunan shinkafa a kan rufi, gwaggonni a kan cinyar juna. Aka fito da amarya, lafayarta ta sha man gyaɗa, gutsuren alkaki a maƙale a gefenta, kukan da take yi tun Nguru ya koma dariyar da take ƙoƙarin dannewa. Aka sake guɗa, wannan karon ta gaske, aka shige da ita.

Ɗayyabu ya zo ya dafa kafaɗar Rabe. "Ɗakinka yana nan lafiya. Mai gonar ya ce in ba ka zo da wuri ba zai fara zuba harawa a ciki."

Salma ta sauko ta nufo shi, ɗankwali a karkace. "Baban Shuhada, ina ta kira kana kashewa?"

"Ki yi a hankali, Hajiya tana ji. A gabanta zan amsa?"

"Da mutuwa muka yi fa?"

"Da ai an sanar da ni ta hanyar da ta dace."

Gwaggo Adawiyya ta share hawayen dariya da gefen mayafi, ta kamo hannun Hajiya Yagana ta ce da ƙarfi, kowa yana ji, "Hajiya, don Allah wannan wane irin suruki Allah ya ba ki?"

Rabe ya kasa kunne. Hajiya ta dubi bango, don ba za ta dube shi ba, sannan ta ce, "Gaskiya ɗaya ce. Duk cikin surukaina babu mai kunyar yaron nan. Hankali ne dai Allah bai ba shi ba."

Rabe ya ji maganar daga farkonta har ƙarshenta, haka duk wanda ya je bikin nan ya ji. Amma har gobe in ka zauna a rumfarsa a kasuwar Nguru, zai ajiye kifin da ke hannunsa, ya gyara hula, ya ba ka labarin ranar da Hajiya Yagana ta yabe shi a gaban jama'ar Gashuwa, ta fifita shi a kan Ɗayyabu. In ka ce ai an ce akwai sauran magana, sai ya ce lokacin masu ganga sun fara kiɗa.